Yadda ake zana wasan kan teburi: daga guntun kwali zuwa akwatin da ke kanti

Kafin wasa irin su lido, Whot ko Monopoly ya iso hannun mai saye, akwai masu zane da masu tsara fasali da suka shafe watanni suna shawara a kan launi, girman harafi da siffar kowace alama. Aikinsu ne ke sa a gane wasa cikin 'yan mintoci, ko kuma a mayar da shi akwati a manta da shi.

'Yan dara ba sa fara wasa sai sun raba 'ya'ya. Wannan ya ɗebo tsakuwa, wancan ya kakkarya tsinke, domin in 'ya'yan suka zama iri ɗaya babu wanda zai gane nasa a cikin gurabe 30 da aka tona a ƙasa. Wannan ɗan tanadi shi ne tushen wata sana'a da a yau take ciyar da dubban mutane a duniya, wato shirya wa wasa fuskar da ido zai karanta ba tare da wahala ba.

Kasuwar kuwa ba ƙarama ba ce. A birnin Essen na ƙasar Jamus ana gudanar da baje kolin wasannin kan teburi tun daga 1983, inda a kowace shekara ake gabatar da sabbin wasanni fiye da 1,000 a gaban mahalarta kusan 200,000. Faransa na da nata bikin a Cannes, inda ake ba da kyautar As d'Or. A irin wannan cunkoso, akwatin wasa na da daƙiƙu kaɗan ne kawai ya ja hankalin mai wucewa.

Aiki uku, hannu uku

Mutane da dama na ɗauka mutum guda ne ke yin wasa tun daga farko har ƙarshe. A manyan kamfanoni an raba aikin gida uku.

Na farko shi ne mai ƙirƙirar wasan. Shi ke tsara ƙa'idoji: mutum nawa za su buga, me ake yi a kowane zagaye, ta yaya ake cin nasara. Na biyu shi ne mai zane, wanda ke zana mutane, dabbobi, garuruwa da hoton bangon akwati. Na uku shi ne mai tsara fasali. Shi ke yanke shawarar inda lamba za ta zauna a jikin kati, wane salon haruffa za a yi amfani da shi, wace alama ce za ta tsaya a madadin "ɗauki kati biyu", da yadda za a jera littafin ƙa'idoji.

Aikin mai zane shi ake yabawa, domin shi ido ke fara gani. Aikin mai tsara fasali kuwa ba a cika lura da shi ba sai ya ɓaci. Idan 'yan wasa suna yawan ɗaga kati suna kanne ido, ko suna ta komawa littafi domin tuna ma'anar wata alama, to matsalar daga wurinsa take. A saman ukun akwai wanda kamfani ke ɗora wa alhakin kula da kamannin wasan baki ɗaya, wanda ke tabbatar da cewa zanen da mutum biyu ko uku suka yi ya fito tamkar daga hannu ɗaya.

Darasin da ke cikin karta

Kartar da ake bugawa a kasuwanni da tashoshin mota misali ce ta yadda tsara fasali ke warware matsala. Alamomin nan huɗu da aka saba da su sun fito ne daga Faransa wajen shekarar 1480. Kafin su, alamomin karta a Italiya da Jamus hotuna ne masu wuyar zanawa: takubba, kofuna, ƙararrawa, ganye. Masu buga karta na Faransa suka mayar da su siffofi masu sauƙi da launi biyu kacal, ja da baƙi, ta yadda za a huda takarda a ɗora a kan kati a goga tawada. Aiki ya yi sauri, farashi ya sauka, kartarsu ta mamaye kasuwa.

A ƙarni na 19 aka ƙara gyara biyu. Aka riƙa zana sarki da sarauniya da kai biyu, sama da ƙasa, domin a da idan ɗan wasa ya juya katinsa ya daidaita shi, abokin karawarsa kan gane cewa babban kati ne a hannunsa. Aka kuma sanya ƙaramar lamba a kusurwa, abin da ya ba mutum damar riƙe katuna da yawa a hannu ɗaya kamar mafici, yana ganin kowanne.

Whot, wanda William Henry Storey ya ƙirƙiro a Ingila a 1935 kuma ya samu gida na biyu a Najeriya, ya bi wannan hanya: da'ira, gicciye, tauraro, mai kusurwa uku da mai kusurwa huɗu. Yaron da bai fara karatu ba yana iya bambance su, kuma ba sa bukatar fassara zuwa kowane harshe.

Samfurin farko ba ya bukatar kyau

Ƙwararru a wannan fage sun yi ittifaƙi a kan abu ɗaya: ba a sayen zane kafin ƙa'idojin wasa su zauna. Samfurin farko guntayen kwali ne da aka rubuta da biro, da murafen kwalba ko ƙwayar wake a matsayin 'ya'yan wasa. Ana buga shi sau da dama, ana soke kati, ana ƙara wani, ana sauya lambobi. Wanda ya biya mai zane kuɗin hotuna 60 tun da wuri, sannan gwaji ya nuna 20 daga cikin katunan ba su da amfani, ya yi asarar kuɗinsa. Abin da ya fi haka muni shi ne ya ƙi cire katunan saboda yana jin zafin kuɗin da ya kashe.

Tsara fasali kuwa da wuri ake fara shi, tun ran gini tun ran zane. Ko a kan kwalin gwaji, mai tsarawa na bukatar sanin bayanai nawa kowane kati zai ɗauka da wanda ya fi muhimmanci a cikinsu. Yakan zana akwatuna marasa ado, ya ce nan farashi, nan suna, nan hoto, nan bayani. Sai wannan ƙashin bayan ya tsaya sannan a san girman filin da ya rage wa mai zane.

Gwajin da ya fi tona asiri shi ne wanda ake miƙa wa baƙi akwatin, mai wasan ya koma gefe ya yi shiru. Ba ya bayani, ba ya gyara musu kuskure, rubutawa kawai yake yi. Duk inda suka tsaya suna gardama a kan ma'anar wata alama, nan ne wurin gyara. Sai an gwada akan san na ƙwarai.

Katin tsuntsu guda, bayani kusan goma

Wasan Wingspan, wanda kamfanin Stonemaier Games na Amurka ya fitar a 2019, ya zama abin misali a wannan sana'a. Elizabeth Hargrave ce ta ƙirƙiro shi, kuma a kan tsuntsaye yake: kowane ɗan wasa na ƙoƙarin jawo tsuntsaye zuwa dajinsa, filin ciyawarsa da fadamarsa. Akwai katunan tsuntsaye 170, kowanne da hotonsa daban. Natalia Rojas da Ana María Martínez Jaramillo, 'yan asalin Kolombiya, su suka zana tsuntsayen da hannu, Beth Sobel kuma ta yi wasu sassan zanen.

Kowane kati na ɗauke da sunan tsuntsu, muhallin da yake zama, abincin da za a biya kafin a ajiye shi, makin da yake bayarwa, irin sheƙarsa, yawan ƙwan da sheƙar ke ɗauka, faɗin fukafukansa da santimita, aikin da yake yi a wasan, da ɗan bayani na ilimi a can ƙasa. Da an zuba waɗannan haka kawai, katin zai koma kamar takardar asibiti.

Abin da aka yi shi ne jera su bisa lokacin da ake bukatarsu. Muhalli da abinci suna kusurwar sama ta hagu, domin su ɗan wasa ke dubawa tun katin na hannunsa, kuma wannan kusurwar ce ke fitowa idan an riƙe katuna a jere. Aikin tsuntsun yana cikin wani zirin launi a ƙasa: ruwan ƙasa na nufin yana aiki duk lokacin da mai shi ya motsa layin, ruwan hoda na nufin yana aiki idan wani ɗan wasa ya yi wani abu. Da kallo ɗaya daga nesa mutum zai san katunan da ya kamata ya sa wa ido. Bayanin ilimin, wanda ba ya shafar wasa, shi aka ba harafi mafi ƙanƙanta. Bayan tsuntsun kuma an bar shi fari tas, ba bishiya ba gajimare, domin kada ado ya yi gogayya da alamomi.

Wasan ya ci babbar kyautar Jamus ta Kennerspiel des Jahres a shekarar da ya fito, an kuma sayar da kwafi fiye da miliyan ɗaya. Da yawa daga masu sayensa masoya tsuntsaye ne da hotunan suka jawo, ba tsofaffin 'yan wasa ba.

Inda hoton shi ne wasan

Akwai kuma wasannin da zane ne ginshiƙinsu. Dixit ya fito a Faransa a 2008 daga kamfanin Libellud na birnin Poitiers. Jean-Louis Roubira, likitan ƙwaƙwalwar yara, shi ya ƙirƙiro shi, Marie Cardouat ta zana katunansa 84. Babu rubutu ko ɗaya a jikinsu, hotuna ne masu kama da mafarki. Ɗan wasa na zaɓar kati a ɓoye ya faɗi kalma ko jimla a kansa, sauran su ajiye nasu katunan da suka yi kama da maganar, sannan a yi ƙoƙarin gano na asali. Idan kowa ya gane, ko kuma babu wanda ya gane, mai maganar bai ci komai ba.

Wannan ƙa'ida ta ɗora wa mai zanen wani nauyi na daban. A Wingspan ana son hoto ya faɗi abu ɗaya ƙarara. A Dixit dole kowane hoto ya iya ɗaukar fassara uku ko huɗu, in ba haka ba wasan ya mutu. Dixit ya ci As d'Or a 2009 da Spiel des Jahres a 2010, kuma da yake ba shi da rubutu, ana buga shi da kowane harshe, har malamai na amfani da shi wajen koyar da magana da ƙirƙirar labari.

Launi kaɗai ba ya isa

Kusan namiji ɗaya cikin 12 a tsakanin Turawa na da matsalar rarrabe launi, musamman ja da kore. Adadin bai kai haka ba a Afirka, amma akwai masu ita a kowane gari, kuma da yawansu ba su ma san suna da ita ba. Ga wanda ke da wannan matsala, wasan da ya dogara ga launi kaɗai a rufe yake.

Maganin da aka samo shi ne a ninka saƙon: kowane launi a haɗa shi da siffa. A wasan jiragen ƙasa na Ticket to Ride, wanda masu Faransanci suka sani da Les Aventuriers du Rail, kowane launin tarago na da ƙaramar alamarsa. A 2017 kamfanin Mattel ya fitar da wani bugu na Uno mai ɗauke da alamomin ColorADD, tsarin da Miguel Neiva ɗan ƙasar Fotugal ya ƙirƙiro domin masu wannan matsala.

Wannan dabara na da ƙarin amfani a wuraren da ake wasa da dare a ƙarƙashin fitilar caji ko hasken waya. A irin wannan haske shuɗi mai duhu da baƙi kan zama ɗaya, ja da ruwan goro su haɗe. Gwaji mai sauƙi da masu tsara fasali ke yi shi ne su buga shafin da baƙi da fari kawai. Idan har an iya bambance komai a haka, launukan sun yi.

Akwai kuma batun zama. Littafi mutum ɗaya ke karanta shi daga gefe ɗaya, allon wasa kuwa mutum huɗu ne ke kewaye da shi, kuma ɗaya daga cikinsu a kife yake ganin komai. Shi ya sa rubutun allon Monopoly ke kallon kowane gefe, shi ya sa kuma allon lido ba ya bukatar rubutu: launi huɗu da kibiyoyi sun wadatar.

Ƙ, ɗ, ɓ da sauran tarkon harshe biyu

Ga wanda ke son fitar da wasa da Hausa a Garwa, Njamena, Kumasi ko Kwatano, akwai matsalolin da littattafan Turai ba su tanadar musu amsa ba.

Ta farko ita ce haruffa masu ƙugiya. Yawancin salon haruffan ado da ake saukewa daga intanet ba su da ƙ, ɗ da ɓ. Idan aka rubuta su, kwamfuta kan saka ɗan akwati a gurbinsu, ko ta aro harafin daga wani salo daban, sai kalma ta fito da harafi ɗaya da bai yi kama da 'yan uwansa ba. Wasu kan gudu daga matsalar su cire ƙugiyar gaba ɗaya, sai "ƙasa" ta koma "kasa", "ɓata" ta koma "bata". A wasan koyar da yara karatu wannan ɓarna ce babba. Akwai salon haruffa na kyauta da ke da su duka, irin su Noto na Google da Andika da Charis na ƙungiyar SIL. Sai kuma a yanke shawara tun farko: ƙa'idar rubutu ta Nijar na amfani da ƴ, ta Najeriya kuma 'y. Kowanne aka ɗauka, a tsaya a kansa daga akwati har littafi.

Ta biyu, rubutun boko ba ya nuna karin sauti da tsawon wasali. A wasan da ya shafi noma, katin da aka rubuta wa "fari" kawai na iya nufin rashin ruwan sama, na iya nufin farin da ke cinye amfanin gona. A cikin jimla mai karatu na ganewa, amma kati sau da yawa kalma ɗaya yake ɗauka. Nan ƙaramin hoto ke raba gardama.

Ta uku ita ce fili. Harshe biyu a kati ɗaya na cin ninki biyu na wuri, kuma jimlar Faransanci kan yi tsawo. Katin da aka fi amfani da shi milimita 63 ne a faɗi, 88 a tsawo, ba ya ƙaruwa. Idan za a ƙara ajami, wanda ake karantawa daga dama zuwa hagu, sai an sake tunanin inda ido zai fara sauka. Hanyar da kamfanonin Turai suka bi, da yake suna sayar da wasa ɗaya a ƙasashe masu harsuna daban-daban, ita ce su cire rubutu daga katuna da allo gwargwadon iko, su bar alamomi da lambobi, sannan su buga littafin ƙa'idoji da kowane harshe. Sake buga ɗan littafi ya fi sake buga katuna araha nesa ba kusa ba.

Har kuɗin wasa na da nasa tarkon. A Nijar dala na nufin sefa 5, jaka kuma sefa 1,000, alhali a arewacin Najeriya jaka naira 200 ce. Wasan da zai tsallaka iyaka gara ya rubuta lamba zalla, ko ya ƙirƙiro kuɗinsa na wasa kamar wuri. Kwaikwayon takardar kuɗi ta gaskiya kuwa na iya jawo matsala da hukuma.

Wa aka zana, kuma yaya aka zana shi?

Zaɓin launi ko hoto na iya ɗaukar ma'anar da ta fi ƙarfin wasa. Puerto Rico, wanda ya fito a Jamus a 2002, ya daɗe a sahun gaba na wasannin da aka fi yabawa. 'Yan wasa na matsayin masu mulkin mallaka ne a tsibirin, suna kafa gonakin rake, taba da kofi. Ma'aikatan gonakin ƙananan 'ya'yan katako ne masu ruwan ƙasa da ke isowa a jirgin ruwa. Littafin ya kira su 'yan kama wuri zauna, amma masu suka da dama sun ce duk wanda ya san tarihin yankin ya san su wane ne aka kawo a jirgi domin noman rake. A 2022 kamfanin ya sake fitar da wasan da sunan Puerto Rico 1897, ya mayar da labarin zuwa bayan soke bauta a tsibirin, 'yan wasa suka koma manoma 'yan ƙasa, aka kuma sake zanen tare da shawarar mutanen da suka fito daga can. A 2019 ma kamfanin GMT na Amurka ya janye wani wasa mai suna Scramble for Africa, a kan rabon Afirka tsakanin Turawa, tun kafin a buga shi, bayan suka mai zafi.

Yankin Sahel ma ya shiga akwatunan Turai. Targi, wasan mutum biyu da kamfanin Kosmos na Jamus ya fitar a 2012, a kan Abzinawa yake, ana cinikin dabino, gishiri da barkono. Wasa ne da ya samu karɓuwa, amma ya nuna yadda aka saba: a Turai ake zana mutanen hamada, domin masu saye na Turai. Ɗan Agadas zai lura da abubuwan da baƙo ba zai gani ba, kamar naɗin rawani, siffar sirdin raƙumi ko yadda ake ɗaure gishirin Bilma.

Akwai masu ƙoƙarin juya wannan akala. A ƙarshen 2012 aka ƙaddamar da Monopoly na birnin Legas, na farko da aka yi wa wani birni na Afirka, inda Banana Island ta zama unguwa mafi tsada, Makoko mafi araha, gidan yarin kuma Kirikiri. A Abuja, kamfanin NIBCARD Games na Kenechukwu Ogbuagu na ƙirƙira da buga wasanni a cikin gida, yana kuma shirya taron masu wasannin kan teburi na Afirka tun 2016. A 2021 ya ci kyautar Diana Jones, ɗaya daga cikin masu daraja a wannan fage.

Mai zanen da ke tunanin kasuwar Hausawa zai kuma yi la'akari da cewa wasu iyaye ba sa son hoton mai rai, wasu kuma na danganta ƙwayar lido da karta da caca. Wasan Azul na 2017, wanda ya ci Spiel des Jahres a 2018, ya nuna cewa ana iya cin kasuwar duniya da zanen ado zalla: an gina shi ne a kan fale-falen bango na ƙasar Fotugal. Zanen bangon gidajen Zariya da unguwar Birni ta Damagaram, aikin dukawa, ɗinkin hula da zanen ƙwarya duk taska ce da ba a taɓa sosai ba.

Daga kwamfuta zuwa maɗaba'a

Zane mai kyau na iya lalacewa a matakin ƙarshe. Fuskar kwamfuta da haske take haɗa launi, daga ja, kore da shuɗi. Injin ɗab'i kuwa da tawada huɗu yake aiki, tsarin da maɗaba'un ƙasashe masu Faransanci ke kira CMJN. Wasu launuka masu ƙyalli da ake gani a waya, musamman kore da shuɗi masu haske, tawada ba ta iya fitar da su, sai su fito a dushe. Don haka ake mayar da fayil zuwa tsarin tawada tun da wuri, a kuma nemi bugun gwaji a riƙe a hannu kafin a ba da izinin buga sauran.

Hotuna na bukatar ɗigo 300 a kowane inci. Hoton da aka turo ta WhatsApp an riga an matse shi, zai fito a dagule. Wuƙar yanka kuma ba ta sauka daidai ɗari bisa ɗari, shi ya sa ake barin zane ya zarce layin yanka da milimita 3 a kowane gefe, abin da ake kira fond perdu da Faransanci, a kuma janye rubutu da alamomi zuwa ciki da kamar haka. Siririn layin ado a bakin kati kan tona ko ƙaramar karkata ce. Bayan katuna kuwa dole ya zama iri ɗaya sak, domin in launin wasu ya ɗan bambanta, mai wayo zai haddace su. Kafin a tura fayil, ana mayar da haruffa su zama zane, don kada kwamfutar maɗaba'a ta musanya ƙ da ɗ da wani abu.

Duk wannan ba ya bukatar manhaja mai tsada. Krita da GIMP na zane da gyaran hoto, Inkscape na alamomi, Scribus na jera shafuka, kuma dukkansu kyauta ne. Inda kuɗi ke shiga shi ne bugu. Manyan masana'antun wasa suna China, Jamus da Beljiyam, kuma oda mai yawa suke karɓa. Ga mai farawa da kwafi 50 ko 100, maɗaba'ar gari ta wadatar, in aka zaɓi takarda mai kauri aka kuma lulluɓe ta da leda saboda ƙura, zufa da damina.

Zanen na wane ne?

A dokokin yawancin ƙasashe, dabarar wasa ita kanta ba ta samun kariyar haƙƙin mallaka. Abin da doka ke karewa shi ne zane, rubutun littafin ƙa'idoji, da suna ko tambarin da aka yi wa rajista. Ma'ana, zanen na daga cikin manyan kadarorin da mai wasa ya mallaka, kuma nan ne rigima ke yawan tashi.

Biyan mai zane kuɗin aiki ba ya nufin an sayi dukkan haƙƙinsa. Yarjejeniya a rubuce ce ke fayyace ko za a iya sake buga hoton, ko a sa shi a riga ko a manhajar waya, a waɗanne ƙasashe, na tsawon wane lokaci, da kuma sau nawa mai zane zai yi gyara kafin a ƙara masa kuɗi. Sanya suna a akwati ma sai da aka yi fafutuka: a 1988 wasu masu ƙirƙirar wasanni suka sa hannu a wata takardar alkawari a Nuremberg cewa ba za su ƙara ba kamfani wasa ba sai an rubuta sunansu a bango. Yau kamfanoni da dama, musamman a Faransa, na rubuta sunan mai zane kusa da na mai ƙirƙira.

Masu tunanin amfani da ƙirƙirarriyar basira domin rage kuɗi su san cewa a 2023 ofishin haƙƙin mallaka na Amurka ya yanke cewa hotunan da manhajar Midjourney ta samar a wani littafin zane ba su da kariya, domin ba mutum ne ya zana su ba. Hoton da ba shi da kariya, wani na iya ɗauka ya buga.

Game da rajistar suna da tambari, mazauna Nijar, Kamaru, Chadi, Benin, Togo da Cote d'Ivoire na da sauƙi guda: ƙasashensu na cikin ƙungiyar OAPI mai hedikwata a Yawunde, kuma rajista ɗaya a can na aiki a ƙasashe 17. Gana da Sudan na cikin wata ƙungiyar daban, ARIPO, mai hedikwata a Harare, Najeriya kuma na da nata ofishin rajista. Wanda ke son wasansa ya bi hanyar da Hausa ke bi, daga Kano zuwa Marwa ko daga Maraɗi zuwa Kumasi, zai bukaci ya duba fiye da ofishi ɗaya, kuma gara ya yi hakan kafin akwatin farko ya fita daga maɗaba'a.